Tafiyar Kallon Duwatsu: Hukuncinta, Shirinta da Sallar Matafiyi



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Akwai tambayar da ta yi ta maimaituwa a 'yan makonnin nan, a akwatin saƙon wannan shafi da kuma bayan karatun Magariba a masallacinmu na Gyadi-Gyadi. Wasu matasa ne daga Tarauni suka yi karo-karo, suna son ɗaukar shatar bas su tafi tsaunin Mambila idan damina ta ɗauke. Sai kuma wani bawan Allah da ke zuwa saro kaya ƙasar Sin, ya ce yana da burin ya bi hanyar Karakoram a mota ya ga duwatsun ƙanƙara da idonsa. Tambayarsu ɗaya ce: Malam, ya halatta mutum ya yi doguwar tafiya, ba Hajji ba, ba fatauci ba, ba neman ilimi ba, don kawai ya ga duwatsu? In ya halatta, zai yi ƙasaru?

Amsa a taƙaice: halal ce. Amma irin wannan tafiya tana ɗaukar hukuncinta ne tun daga zaman da aka yi aka shirya ta, kafin a tayar da mota. Mutum biyu za su hau bas ɗaya, kujera ɗaya, ɗaya ya dawo da lada, ɗaya ya dawo da ramuwar salloli da bashi a wuya. Don haka karatunmu na yau a kan shirin ne.

Bari mu fara da abin da kuke gani a bidiyon nan na waya, don yawancinmu 'yan Kano ƙanƙarar da muka sani ita ce ta firij da wadda ke zubowa da ruwan farkon damina. Wancan farin abu da ke kwance tsakanin duwatsu ba dusar bana ba ce. Dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba shekara da shekaru a wurin da zafin bazara bai isa ya narkar da ita duka ba. Ta bana ta danne ta bara, ta bara ta danne ta bara waccan, har nauyi ya matse iskar da ke ciki ta zama daskararriyar ƙanƙara mai kaurin gaske. Idan ta yi nauyi sosai sai ta fara gangarowa a hankali kamar kogi, wani wurin 'yan taku kaɗan a shekara, wani wurin fiye da haka. Tana tafe tana kankare dutse, tana faɗaɗa kwari, tana tura tsakuwa da manyan duwatsu a gabanta. In ta ja da baya sai ta bar tafki a bayan tarin duwatsun da ta turo. Kwaruruka masu faɗin gindi da tafkuna masu launin shuɗi da kuke gani a Suwizalan da Kanada da arewacin Pakistan, aikin wannan kogin ƙanƙara ne da izinin Ubangijinsa. Kusan kashi biyu cikin uku na ruwan daɗi da ke duniya a daskare yake a cikin ƙanƙara. Manomin da ke ban-ruwa da Kogin Indus a Pakistan, wani kaso na ruwansa daga can yake narkowa. Taska ce da Allah Ya ajiye a sama, Yana sakinta da gwargwado.

A Afirka wuri uku ne kawai ake da irin wannan ƙanƙara: Kilimanjaro a Tanzaniya mai tsayin mita 5,895, Dutsen Kenya mai mita 5,199, da duwatsun Ruwenzori da ke iyakar Yuganda da Kwango. Dukkansu suna ƙarewa. Kilimanjaro ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna masa a 1912. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na maƙwabtanmu: a yankin Jado da ke arewa maso gabashin Nijar, da Tassili a Aljeriya, masana duwatsu sun samu kartar da ƙanƙara ta yi a jikin fa, suka ƙiyasta shekarunta da kimanin miliyan 445. Wato Saharar da ke aiko mana da ƙura duk hunturu, ta taɓa zama a ƙarƙashin ƙanƙara. Ka karanta aya ta 20 a Suratul Ankabut, inda aka umarce mu da yin tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta, sannan ka dawo ka sake karanta wannan labari.

Nijeriya ba ta da kogin ƙanƙara ko ɗaya, kada wani mai haɗa bidiyo ya yaudare ku. Mafi kusa da wannan yanayi da muke da shi shi ne Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, mai tudun kimanin mita 1,600 daga saman teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. A gefensa akwai gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda a cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a ƙasar nan, mita 2,419. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara amma ba zai yi a Kura ba.

To, mu shiga hukunci.

Asalin tafiya halacci ne, niyya ce ke ɗaga ta ko ta saukar da ita. Alƙur'ani ya kira mu mu kalli duwatsu a wurare da yawa. Suratul Gashiya ta jera su tare da raƙumi da sama da ƙasa a matsayin abin lura. Suratun Naba'i ta siffanta su da turaku. Wadda ta fi taɓa ni ita ce aya ta 27 a Suratu Faɗir, da ta ambaci zane-zanen da ke jikin duwatsu, farare da jajaye da baƙaƙe wuluk, sai ayar da ke biye ta ce masu ilimi ne ke tsoron Allah daga cikin bayinSa. Ka duba jerin: kallon launin dutse, sai ilimi, sai tsoron Allah. Annabi (SAW) da kansa ya bayyana ƙaunar da ke tsakaninsa da dutsen Uhudu. Saboda haka masu cewa yawon ganin halitta al'adar Turawa ce, ba ta Musulmi ba, ban ga dalilinsu ba. Hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku kuma yana magana ne a kan nufar wani wuri don neman falalar ibada a cikinsa. Babu wanda ke zuwa Gembu don yana ganin raka'a a can ta fi ta Tarauni lada.

Inda gizo ke saƙa shi ne mas'alar ƙasaru. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, ƙasaru sunna ce mai ƙarfi, amma Mukhtasar na Shaihu Khalil ya fitar da mutum biyu: wanda tafiyarsa ta saɓo ce, da wanda tafiyarsa ta wasa ce zalla, kamar mai farauta don nishaɗi kawai. Na farko an hana shi ƙasaru, na biyu an karhanta masa. Hanafiyya ba su duba dalilin tafiya, tunda ka kai nisan, ka yi ƙasaru. Ibnu Ƙudama a cikin Al-Mugni ya kawo riwaya biyu daga Imamu Ahmad game da mai tafiyar shaƙatawa. Abin da na fi natsuwa da shi: wanda ya fita don lura da halittar Allah, ko hutar da jiki da ƙwaƙwalwa don ya dawo aikinsa da ƙarfi, ko sanin ƙasarsa da 'yan uwansa Musulmi na can, wannan manufa ce ingantacciya, ya yi ƙasarunsa. Wanda kuwa aka loda sifika da kiɗa, samari da 'yan mata ba muharrami, aka tafi don a yi abin da ake jin kunyar yi a unguwa, wannan ba ya buƙatar fatawar ƙasaru, fatawar fasa tafiyar yake buƙata. Rangwamen Allah ba a neman taimako da shi a kan saɓa maSa.

Nisan da ake ƙasaru a Risala ta Ibnu Abi Zaid shi ne baridi huɗu, wato mil 48, wanda malaman zamani ke kimantawa da kilomita tamanin da 'yan kai. Ka ga Wudil ba ta kai ba, Birnin Kudu ta wuce. Mambila kuwa ba a maganarta, don daga Kano zuwa Gembu ya haura kilomita 1,000. Amma ga kuskuren da nake gani kullum: mutum yana tashar Unguwa Uku, ana lodi, Azahar ta yi, sai ya ba da raka'a biyu wai shi matafiyi ne. A'a ɗan uwa. Ba ka fara ƙasaru sai ka bar gidajen gari a bayanka. Kano ta yau kuma ta miƙe, in ka bi titin Maiduguri daga Dangi, ka wuce Tarauni da Hotoro har Mariri, gini ne haɗe da gini. Ka jira sai gidaje sun yanke, gonaki sun fara.

Hanyar da aka fi bi ita ce Kano zuwa Wudil, Birnin Kudu, a faɗa Gombe. Daga Gombe a bi Kaltungo da Cham, a haye gadar Binuwai a Numan, a sauka Jalingo. Daga Jalingo a bi Garba Chede, Bali, Serti, sai Mayo Selbe inda hawan gaske yake farawa, a ɓulla Maisamari da Nguroje, a ƙarasa Gembu. Shawarata a raba ta kwana uku, a kwana Gombe, a kwana Jalingo, in ma jiki ya nuna gajiya a ƙara kwana a Serti. Na san za a ce ai direbobin haya suna yin ta a ƙasa da haka. Suna yi, da gudu da tafiyar dare da ƙwayar hana barci. Kai da ka fita don ka ga ƙasa, me za ka gani da dare? Duwatsun Tangale da Kaltungo kaɗai sun isa a tsaya a yi tasbihi, kuma da rana ake ganin su. Kafin ku tsayar da rana, ku je tasha ku zauna da direbobin da ke bin layin a makon nan, ba a bara ba. Su ne suka san inda gada ta karye, inda titi ya mutu, da inda ba a bi bayan La'asar saboda ɓarayin daji. Taswirar waya ba ta san wannan ba.

Yadda nake so ku tsara tafiyar shi ne ku fara rubuta lokutan salla a takarda, sannan ku jera garuruwa a kansu. Akasin haka ake yi, a jera garuruwa, salla kuma duk inda ta faɗa. Annabi (SAW) ya kasance yana son fita ranar Alhamis kamar yadda Ka'abu bin Malik ya ruwaito, ya kuma yi wa al'ummarsa addu'ar albarka a cikin sammako. In kun yi Asubar Alhamis a unguwa kuka tashi, Juma'a za ta same ku tsakanin Gombe da Jalingo. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma in kun samu ku halarta a Numan ko Jalingo ta isar muku, kuma ya fi. Abin da za a kiyaye shi ne tashi daga Kano ranar Juma'a: bayan alfijir makaruhi ne a Malikiyya, bayan rana ta gushe haramun ne ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, sai in ya tabbata zai riske ta a hanya.

Haɗa salloli kuma rangwame ne daban da ƙasaru, kada a cakuɗa su. An haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i a tafiyar Tabuka shekara ta 9 bayan Hijira, kamar yadda ya zo daga Mu'azu bin Jabal a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Tsarin Malikiyya shi ne: in rana ta gushe kuna tsaye a wani gari, kuma kun san ba za ku sake tsayawa ba sai bayan faɗuwarta, ku janyo La'asar ku haɗa da Azahar. In ta gushe kuna cikin tafiya, kuma za ku sauka kafin rana ta yi fatsi-fatsi, ku jinkirta Azahar zuwa saukarku. Wasu malamai sun fi faɗaɗawa, ba na sukar wanda ya bi su. Asuba ba a haɗa ta da komai, ita da Magariba ba a rage musu raka'a. Farilla kuma ba a yin ta a kujerar bas alhali direban naku ne, ku kuka ɗauki shatarsa. Wannan ma ku faɗa masa tun wajen ciniki: Malam direba, motar nan tana tsayawa salla. In kuka shiga masallaci kuka bi limamin gari, ku cika huɗu tare da shi, kada ku sallame a raka'a biyu.

Idan kun isa Gembu sai a duba niyyar zama. Wanda ya yi niyyar kwana huɗu cikakku, waɗanda ke ɗauke da salla ashirin, hukuncin tafiya ya yanke masa tun shigarsa gari, ya cika salla. Wanda zai yi kwana biyu ko uku ya ci gaba da ƙasaru. Sai abubuwa biyu ƙanana da mutane ba su lura da su. Na farko, jadawalin salla na Kano da ke manne a bangon masallacinku ba zai yi muku aiki a can ba, don Gembu tana gabas da mu, rana tana riga gushewa a can da kimanin minti goma. Na biyu alƙibla. A Kano muna fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa, kimanin digiri 68. A Gembu karkatar ta fi haka, wajen digiri 59, saboda kun yi kudu sosai. Mafi sauƙi ku bi mihirabin masallatan garin, Musulmi ne da yawa a tsaunin, kuma sun riga ku sanin alƙiblarsu.

Yanzu maganar sanyi, wadda ita ce ta fi jawo wasa da salla. Bakano da zarar ya ji ruwan buta ya yi sanyi sai ya tuna da hadisin Amru bin Asi, wanda ya yi taimama a yaƙin Zatus Salasil cikin dare mai tsananin sanyi don tsoron halaka, Annabi (SAW) bai yi masa inkari ba. Hadisin yana nan a Sunan Abi Dawud. Amma sharaɗinsa tsoron cuta ne na gaske tare da rashin abin ɗumama ruwa. A Mambila akwai itace, akwai mai shayi, akwai filas. Ka ɗumama ruwanka ka yi alwala, in wanka ne ya kama ka ka yi wanka. Cika alwala a lokacin da jiki ba ya so yana cikin abubuwan da aka ce suna kankare zunubi. Ibnu Baɗɗuɗa, wanda ya ratso Takedda a Nijar ta yau a 1353, ya ba da labarin wani hunturu da ya riske shi a hanyarsa ta dawowa daga Ƙusɗanɗiniyya: yana alwala da ruwan zafi a gefen wuta, ruwan yana daskarewa a gemunsa, ga rigunan fata a jikinsa har sai an ɗora shi a kan doki. Duk da haka alwalar yake yi.

Wanda ya fi sauƙi shi ne ka sayi huffi kafin ka tashi, a kasuwa ana samu. Ka sa shi bayan cikakkiyar alwala, daga nan shafa kawai za ka riƙa yi. Mafi yawan malamai sun iyakance wa matafiyi kwana uku da dararensu saboda hadisin Aliyu (RA) a Sahihu Muslim. Malikiyya ba su iyakance ba, sai dai sun so a cire duk Juma'a, kuma sun sharɗanta ya zama na fata. Hanbaliyya sun yarda da safa mai kauri. 'Yar siririyar safar da ake ganin fata ta cikinta kam, ni ban ba ka shawarar dogara da ita ba.

Ga ɗan uwanmu mai burin Karakoram kuma, fiƙihu bai bar shi a baya ba. Ruwan da ya narke daga ƙanƙara mai tsarki ne mai tsarkakewa, babu saɓani, har cikin addu'ar buɗe salla da Abu Huraira ya ruwaito an roƙi wanke zunubai da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙara. Malikiyya ma sun lissafa dusar ƙanƙara cikin abin da ake taimama a kansa, wasunsu suka ɗaure hakan da rashin samun ƙasa. Ina jin daɗin wannan mas'ala duk sanda na zo kanta a karatu, don almajiri a Kano yana haddace ta alhali bai taɓa ganin dusar ba, shari'a ce da aka yi wa duniya baki ɗaya. Hanyar ita kanta kimanin kilomita 1,300 ce, daga Pakistan zuwa Kashgar a Sin, tana haurawa ta mashigar Khunjerab mai tudun kusan mita 4,700. A watan Janairun 2010 dutse ya zaftaro a Attabad ya toshe kogin Hunza, ruwa ya taru ya haɗiye wani yanki na titin, shekaru ana haye wurin da jirgin ruwa. Wato ba hanya ce da ake shiga don an ga hoto ba.

Nan zan tsaya in ja kunne sosai, don wannan ya shafe mu fiye da wasu al'ummu. Daga mita 2,500 zuwa sama iska tana yin ƙaranci, lafiyayyen mutum ma yana iya samun ciwon kai da amai da haki. Mai sikila kuwa ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne masu tayar masa da ciwo, har mai AS ba a cire shi daga haɗari a wuri mai tudu sosai ba. Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan a bakin unguwarmu. Mai sikila, mai hawan jini, mai asma, mai ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya biya kuɗin mota, ko da Mambila ce kawai. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Tawakkali ba ya kore riƙo da sababi. A ranar 28 ga Mayun 2025 ƙanƙara da duwatsu suka rufto wa ƙauyen Blatten a Suwizalan suka binne mafi yawansa, amma an riga an kwashe mutanensa kimanin 300 kwanaki kafin nan, saboda akwai masu sa ido a kan dutsen kuma an ji maganarsu. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. In kun isa Mayo Selbe aka ce muku gajimare ya rufe hanya ko ƙasa ta zaftaro, ku kwana. Babu abin kunya a ciki.

Mota ma amana ce. Direban Kano ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, abin da ya sani na hawa bai wuce gadar sama ba. A hawan dutse inji ke zafi, don haka a duba lagireto da ruwa. A gangara kuma birki ke zafi, in ka ɗora ƙafa a kansa ba ɗagawa zai iya daina kamawa gaba ɗaya. Da ƙaramar giya ake saukowa, injin ya riƙe motar. Mai kashe mota ko sa ta a firi a gangara don tsimin mai, wallahi da rayukan mutane yake caca. Makanike ya duba birki da tayoyi tun a Kano, a tafi da safaya mai lafiya da jak, a cika tanki a Jalingo, a riƙe tsabar kuɗi don sabis yana ɗaukewa a wurare. In da hali ku ɗauki direban da ya taɓa hawa tsaunin. Masu ɗaukar hoto a bakin rami kuma, akwai hadisi a Abu Dawud da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kwana a kan soron da ba shi da katanga. In kwanciya a soro ke nan, ina ga tsayawa da ƙafa ɗaya a gefen kwazazzabo don a samu masu danna so?

Akwai sunnar da aka yi ta kamar don wannan hanya. Jabir (RA) ya ce sun kasance in sun hau tudu sai su yi kabbara, in sun gangara su yi tasbihi, Bukhari ne ya ruwaito. Ibnu Hajar ya kawo hikimar a Fathul Bari: hawa sama yana sa rai ya ji girma, sai a tuna masa Wanda Ya fi komai girma, gangarawa kuma ƙunci ne, sai a yi tasbihi irin na Annabi Yunusa a cikin kifi. Ba da ihu ba, don an hana sahabbai ɗaga murya fiye da kima a irin wannan wuri. Ku kuma naɗa shugaban tafiya tun a Kano, kamar yadda aka umarci mutum uku in sun fita. Ba mai yawan kuɗi ba, ba mai yawan surutu ba, wanda in ya ce a tsaya za a tsaya. Kuɗin karo-karo a rubuta shi, a riƙa karanta abin da aka kashe duk dare. Abota da yawa ta mutu a kan canjin kuɗin mai.

Mutanen da za ku tarar a can, Mambilawa da Fulani da Kaka da Hausawa da sauransu, Musulmi da Kirista, garinsu ne, ku baƙi ne. Yankin ya shigo Nijeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma ya sha fama da rikicin filaye, har an yi asarar rayuka a 2017. Baƙo ba ya tsoma baki a shari'ar da bai san farkonta ba. Kada ku ɗauki hoton matan mutane ko shanunsu ba izini, kada ku keta shingen makiyayi, kada ku bar leda da robar ruwa a korama.

Saura haƙƙin waɗanda aka bari a gida. Wannan tafiya ta halal ce, ba ta wajibi ba, don haka duk wani wajibi yana gabanta. In mahaifiya ta ce ba ta yarda ba, magana ta ƙare. In akwai bashin da lokacin biyansa zai yi kana can, mai bashi yana da ikon tsayar da kai har sai ka biya ko ka bar wanda zai biya. Magidanci ya bar cefane da kuɗin makaranta kafin ya ware na yawo. Mace kuma tana tafiya ne da mijinta ko muharraminta, sauƙin amintacciyar tawaga da Malikiyya suka bayar na Hajjin farilla ne. Ni ma na fi son magidanta su riƙa tafiya da iyalinsu, matar da ta shekara goma tsakanin kicin da tsakar gida ita ma tana da ido da zuciyar yin tafakkuri. Wanda aljihunsa bai kai Mambila ba, ga duwatsun Rurum da madatsar Tiga, ga zanen mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, ga Dala da Gwauron Dutse a cikin gari da wasunku ba su taɓa hawa ba. Sai dai waɗanda ba su kai nisan da muka faɗa ba, babu ƙasaru a cikinsu.

Ranar dawowa, ƙasaru yana ci gaba har ku iso gidajen farko na Kano ko dab da su. In Isha'i ta riske ku a Wudil kuka yi ta can, raka'a biyu ce. In kuka jinkirta har kuka shigo Mariri, huɗu ce. Sallar da ta kuɓuce a tafiya kuma a Malikiyya ana rama ta ne yadda ta kuɓuce, biyu, ko da an dawo gida. Ku kira gida ku faɗi lokacin isowarku, don an hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, kuma sunna ce a fara biyawa masallaci a yi raka'a biyu kafin a shiga gida.

Allah ne Mafi sani.